Yadda likita ta gano tushen ƙibar da ta dame ni

Rikicewar al'ada ce ta kai ni asibiti. Sai in yi wata uku, wani lokacin huɗu, ban ga jini ba, in an auna kuma a ce babu ciki. Ƙibar na riga na saba da ita, domin tun da na haura shekara ashirin take ƙaruwa a hankali, kuma kusan duk a ciki take taruwa. Akwai wasu abubuwan da ke damuna waɗanda ban taɓa kawowa a raina suna da dangantaka da juna ba. Bayan wuyana da hammatana sun yi baƙi sun yi kauri. Gashi ya fara tsiro min a haɓa. Ƙuraje sun ƙi barin fuskata alhali na wuce shekarun yinsu. Da zarar na ci abinci sai barci mai nauyi ya danne ni, kafin a jima kuma yunwa ta dawo.

Likitan mata da na fara gani ya saurare ni, ya tura ni wajen wata likita da ta ƙware a kan sinadaran homon. Zamanmu na farko kusan duk tambayoyi ne. Shekara nawa na fara al'ada, yaushe ta fara rikicewa, akwai mai ciwon sukari ko hawan jini a gidanmu, ina minshari, awa nawa nake barci, yaya raina yake a 'yan watannin nan. Ta daɗe a kan magunguna. Ta so ta ji duk abin da nake sha ko shafawa, har wanda ban ɗauke shi magani ba. Na ce, "Likita, har da man shafawa?" Ta ce, "Musamman ma shi, Malama." Ta yi min bayani cewa magungunan sitiroyid irin su dexamethasone da prednisolone, da mayukan da ke ɗauke da irinsu masu ƙarfi, idan an daɗe ana amfani da su suna kumbura fuska, su tara kitse a ciki, su ɗaga sukari da hawan jini. Wasu magungunan ƙwaƙwalwa da na farfaɗiya ma suna sa ƙiba. Ba na amfani da ko ɗaya a cikinsu, sai muka wuce.

Aka auna tsayina da nauyina. Idan an raba nauyi a kilo da tsayi a mita sau kansa, abin da ya fito shi ne ma'aunin BMI: daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 an shiga ƙiba. Nawa 33 ne. Amma ba a nan ta tsaya ba. Ta ɗauko tef ɗin awo, ta lalubo ƙashin haƙarƙarina na ƙarshe da saman ƙashin ƙuguna, ta zagaya tef ɗin a tsakiyarsu, ta ce in saki numfashi kada in matse ciki. Santimita 101. Ta ce ga mace haɗari na farawa daga 80, ya yi tsanani daga 88, ga namiji kuma 94 da 102. Dalilin da ya sa ta fi damuwa da wannan awon shi ne kitsen da ke kewaye da hanji ba zaman banza yake yi ba. Yana sakin mai da sinadaran kumburi cikin jijiyar da ke tafiya kai tsaye zuwa hanta. Mutum biyu za su iya zama nauyi ɗaya, amma wanda kitsensa ke cinya da ɗuwawu ya fi wanda nasa ke ciki nisa da ciwon sukari.

Wajen awon hawan jini ta sa aka sauya abin ɗaure hannu aka kawo babba, domin ƙarami a damtse mai kauri yana ba da lamba sama da gaskiya. Da babban ma sai da ya nuna 134 bisa 86.

Sai ta ce in juya ta ga wuyana. Ta shafa wurin da yatsa ta ce, "Wannan ba dauɗa ba ce. Ko za ki yi shekara kina dirzawa ba zai fita ba." Ta ce insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, shi ne idan ya yi yawa a jini yake sa fatar wuraren da ke naɗewa ta yi kauri ta yi duhu, kuma sau da yawa wannan alamar tana rigan ciwon sukari da shekaru. Idanuna suka kawo ruwa. Na sha jin habaici a kan wuyan nan, na sha rufe shi don kunya, ga shi ashe tun da daɗewa jikina ke sanar da abin da ke tafe. Har yanzu idan na ga yarinya da irin wannan baƙin wuyan ana yi mata faɗan ba ta wanka, sai zuciyata ta yi nauyi.

Takardar gwajin da ta rubuta min doguwa ce, kuma ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta gaya min abin da kowanne ke nema. Kashi na farko na kawar da zato ne, wato cututtukan da ke kama da abin da take tunani. An sake gwajin ciki. An auna TSH don a ga aikin tayirod, halittar nan da ke gaban wuya. An auna furolaktin, sinadarin da ke sa nono ya kawo ruwa, wanda idan ya hau ba a lokacin shayarwa ba yana tsayar da al'ada. An auna wani sinadari da ke fitowa daga halittar da ke saman ƙoda, saboda akwai wata matsalar gado da ke fito wa mata da gashi a fuska. Game da cutar Cushing, wadda yawan homon ɗin kotisol ke kawowa, ta duba ko akwai nankarwa masu faɗi masu ja, ko fata mai saurin ƙujewa, ta sa na tsuguna na miƙe ba tare da dafa komai ba don ta ga ƙarfin cinyoyina. Ba ta ga alama ba, don haka ba ta rubuta gwajinta ba.

A raina na so a ce tayirod ne, domin na ji ana cewa ƙwaya ɗaya ce kullum da safe. Sakamakon ya fito lafiya lau. Likita ta ce ko da ma shi ne, raunin tayirod ba ya cika ƙara wa mutum fiye da kilo biyu zuwa biyar, kuma yawancinsa ruwa ne da gishiri.

Gwajin da ya fi ba ni wahala, kuma shi ne ya fi amfani, shi ne na shan ruwan sukari. An ce in ci abincina yadda na saba na kwana uku kafin ranar, kada in rage don sakamako ya yi kyau, sannan in kwana ban ci komai ba aƙalla awa takwas, ruwa kaɗai. Da safe aka ɗebi jini. Aka miƙo min kofi da giram 75 na gulukos narke a ruwa, aka ce in shanye cikin minti biyar. Zaƙinsa har maƙogwaro yake kamawa, kuma a ciki babu komai sai ya riƙa tayar da zuciya. Ma'aikaciyar ɗakin gwajin ta ce in na yi amai sai an sake wata rana, don haka na riƙa kurɓa ina numfashi a hankali. Daga nan sai zama na awa biyu cur, ba ci, ba yawo, domin ko zagaya harabar asibiti aka yi tsoka za ta zuƙi sukarin ta ɓata lissafi. Can tsakiya na ji jiri da zufa, daga baya suka lafa. Da awa biyu ta cika aka sake ɗibar jini.

Sukarina na safe kafin cin abinci 96 ne. Ƙasa da 100 lafiya ne, daga 100 zuwa 125 gab da ciwon sukari, daga 126 ciwon ne. Da a ce shi kaɗai aka auna, da an sallame ni an ce ba komai. Na bayan awa biyu kuwa 171 ya nuna, alhali ya kamata ya sauka ƙasa da 140, kuma daga 200 an shiga ciwon sukari. Wato ina tsakiya, kuma na fi kusa da bakin fiye da yadda gwajin safe ya nuna. Likita ta ce shi ya sa ga mata masu irin alamomina aka fi son wannan gwajin duk da ɗawainiyarsa. Akwai kuma HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukari na kusan wata uku, inda 5.7 zuwa 6.4 ke nufin gab da ciwo, 6.5 kuma ciwon. Kafin ta dogara da shi sai da ta tambayi jinotayip ɗina ta kuma duba yawan jinina, domin sikila da ƙarancin jini na iya karkatar da sakamakonsa.

Ranar karɓar sakamako ta jera takardun a gabana. Ta ce akwai ma'auni biyar, wanda duk ya cika uku yana da abin da ake kira metabolik sindirom: faɗin ƙugu, hawan jini daga 130 bisa 85, sukarin safe daga 100, kitsen jini mai suna tiragilisarayid daga 150, da kolastirol mai amfani, HDL, ƙasa da 50 ga mace ko 40 ga namiji. Tiragilisarayid ɗina 188, HDL 41. Na cika huɗu. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya kai a kira shi cuta shi kaɗai, kowanne ɗan hawa ne ko ɗan sauka, kuma nan ne haɗarin yake, domin likita mai sauri zai iya kallon kowanne ya ce ba laifi. Haɗuwarsu a jiki ɗaya ce ke ninka yiwuwar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ta ninka ta ciwon sukari sau da dama. Gerald Reaven na jami'ar Stanford ne a 1988 ya tsaya a kan cewa waɗannan abubuwan tushensu ɗaya, wato jiki ya daina jin insulin yadda ya kamata.

Ga yadda ta fahimtar da ni. Idan aka ci abinci sukari ya shiga jini, fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, tana sakin insulin don ya sa tsoka da hanta su karɓi sukarin. Ta ce in ɗauka mutum ne ke sallama a ƙofar gida ba a amsa ba, sai ya ɗaga murya, ya ƙara ɗagawa, har a buɗe. Ƙofar takan buɗe daga ƙarshe, shi ya sa sukarin safe ke fitowa daidai shekara da shekaru. Amma maƙwabta duk sun ji ihun. Fata ta ji ta yi kauri. Ƙoda ta ji ta riƙe gishiri, jini ya hau. Hanta ta ji ta ƙara sarrafa kitse, ta kuma rage wani furotin da ke ɗaure testostiron, homon ɗin da ya fi yawa a jikin maza, a jini. Ma'ajiyar ƙwai ta ji ta ƙara samar da testostiron ɗin. Daga nan gashi a haɓa da ƙuraje, daga nan kuma ƙwai ya kasa nuna ya fito, al'ada ta tsaya.

Sikanin da aka yi min ya nuna ƙananan buhunan ƙwai da yawa jere a gefen ma'ajiyar, kowanne ya fara girma ya tsaya. Na tsorata da na gan su a hoto, na tambaya ko sai an yi tiyata. Ta ce a'a, ba ƙari ba ne, ba a yanke su. Ta ce bisa ƙa'idar da masana suka amince da ita a birnin Rotterdam a 2003, idan mace ta cika biyu cikin uku, wato rashin fitar ƙwai a kan kari, alamar yawan testostiron a jiki ko a jini, da irin wannan hoton, kuma an kawar da sauran cututtuka, to PCOS ce, wato matsalar rikicewar homon da ke hana ƙwai fita a kan kari. Ni na cika ukun. Tun 1935 likitoci biyu a Chicago, Irving Stein da Michael Leventhal, suka bayyana matsalar a jikin mata bakwai. Yau an san tana shafar kusan mace ɗaya cikin goma a shekarun haihuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin ɗari na masu ita ba a gano su ba.

Abin da ta fara magancewa ya ba ni mamaki, domin mahaifa ce. Ta ce idan al'ada na wuce kwana 90 ba ta zo ba, shimfiɗar cikin mahaifa na ci gaba da kauri, kuma idan aka bar ta haka shekaru yiwuwar kansar mahaifa na ƙaruwa. Ta ba ni ƙwayar furojestin ta 'yan kwanaki don jini ya sauka. Sannan ta tambaye ni kai tsaye ko muna neman haihuwa yanzu, domin hanya ta rabu a nan. Wadda ba ta nema akan ba ta ƙwayar tsarin iyali mai homon biyu, ta daidaita al'ada ta rage gashi, muddin hawan jininta da sauran yanayinta sun ba da dama. Wadda ke nema akan ba ta letrozole don ƙwai ya fito. Na ce muna so, amma zan tattauna da maigida. Muka yanke mu fara gyara sukarin da hawan jinin tukuna, domin shiga ciki a wannan halin yana jawo ciwon sukarin masu juna biyu da hawan jini mai haɗari.

Ta ɗora ni a kan metformin, maganin sauke sukari, miligiram 500 tare da abincin dare, ana ƙarawa a hankali. Makonnin farko na sha gudawa da kumburin ciki da wani ɗanɗanon ƙarfe a baki. Da na koma ta sauya min zuwa irin wanda ke narkewa sannu a hankali, cikina ya lafa. Ta ce za a riƙa duba bitamin B12 idan na daɗe a kansa, saboda yana rage shi.

Ba ta ce in koma siririya ba. Ta ce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyina ya isa ya sauya abubuwa da yawa, ta kuma kawo min wani babban bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2002, mai mutum 3,234 da ke gab da ciwon sukari. Waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, kamuwa da ciwon ta ragu a cikinsu da kashi 58, waɗanda aka ba metformin kuma da kashi 31. Mai ba da shawara kan abinci da ta haɗa ni da ita ba ta haramta min komai ba in ban da abin sha mai zaƙi. Rabin faranti ganye da kayan lambu, kwata furotin, kwata abinci mai sitaci, a fara da ganyen da furotin. Abin da ya fi yi min aiki shi ne tafiyar minti goma zuwa sha biyar bayan kowane cin abinci, domin tsoka idan tana aiki tana jan sukari ko da insulin bai yi ƙarfi ba. Barcin nan mai nauyi na bayan abinci shi ya fara tafiya, tun sikeli bai nuna komai ba. Daga baya na ƙara tsugune-tashi da ɗaga abu mai ɗan nauyi, na kuma tsayar da lokacin kwanciya, saboda ƙarancin barci shi kansa yana ƙara wa jiki rashin jin insulin.

Watannin farko nauyi ya sauka. Sai ya tsaya cak, yunwa kuma ta ninku. Ina cin abin da nake ci a da, ina tafiyar da nake yi, amma tunanin abinci ba ya barina, har cikin dare. Na koma wajen likita raina a ɓace, ina jiran ta ce na yi sakaci. Sai ta ce, "Malama, da ma ina jiran wannan lokacin. Haka jikin kowa ke yi." Kitse yana sakin wani sinadari, leptin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a 1994, shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa akwai ajiya. Idan kitse ya ragu sai leptin ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta ɗauka yunwa ta shigo, ta ƙara sha'awar ci ta rage ƙona abinci. Tumbi kuma yana sakin girelin, wanda aka gano a Japan a 1999, shi ke tayar da yunwa. Wani bincike da aka yi a Melbourne aka wallafa a 2011 ya bi mutanen da suka rage nauyi, ya tarar bayan shekara guda sinadaran nan ba su koma yadda suke ba, kuma mutanen na jin yunwa fiye da kafin su fara.

Wannan bayanin ya ɗauke min wani nauyi da na daɗe da shi. Duk mai ƙiba ya san maganar nan ta "ai sai ki rage ci", wadda ake faɗa kamar bai taɓa gwadawa ba. Yawancinmu mun gwada har mun gaji, kuma abin da ke mayar da mu baya yana cikin jini, ana iya auna shi. Ina ganin zalunci ne a kira wannan kwaɗayi ko lalaci. Ina kuma ganin duk likitan da zai sa mutum rage nauyi ya kamata tun ranar farko ya gaya masa wannan lokacin na zuwa, don kada ya ɗauka shi ne ya gaza ya watsar da komai.

Mun yi maganar semaglutide, allurar rage ƙiba. A babban gwajin da aka wallafa a 2021 ta rage wa mutane kusan kashi 15 na nauyinsu cikin mako 68, amma waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage cikin shekara. Ba a yin ta da ciki, kuma sai an tsayar da ita wata biyu kafin a nemi cikin. Tunda haihuwa muke nema, muka ajiye ta gefe. Maimakon haka aka ƙara min furotin da safe, aka daina auna ni a sikeli kowane mako, muka koma ga tef sau ɗaya a wata. Likita ta ce riƙe abin da na rage shi ne aikin yanzu.

Da aka maimaita gwaje-gwajen, ƙuguna ya sauka zuwa 92, tiragilisarayid ya dawo ƙasa da 150, hawan jini ya daidaita, sukarin bayan awa biyu ya zama 133. Duhun wuyana ya yi haske sosai ko da yake bai tafi duka ba. Al'ada ta fara zuwa da kanta, tazararta ta ɗan fi ta sauran mata amma ba ta kai inda ake tsoro ba. HDL ya ɗan motsa kaɗan ne kawai, har yanzu bai kai 50 ba. Gashin haɓa shi ya fi taurin kai, domin wanda ya riga ya yi kauri ba ya komawa da kansa, sai dai a hana sabo fitowa, kuma magungunan da ke rage shi ba a shan su idan ana neman ciki.

Yanzu ta ɗora ni a kan folik asid, bitamin ɗin da ake ba masu neman ciki, ta ce ƙwai na iya fitowa a kowane wata daga nan, kuma da zarar ciki ya shiga za a yi min gwajin ruwan sukari da wuri, a sake tsakanin mako 24 da 28. Idan watanni suka wuce shiru za mu fara letrozole. Ko bayan haihuwa za a ci gaba da duba sukarina tsakanin shekara ɗaya zuwa uku, hawan jini kuma duk shekara, domin PCOS ba ta ƙarewa da haihuwa. Ta kuma ce in turo ƙanwata, wadda ita ma al'adarta ke tsallake watanni, saboda abin yana bin dangi, kuma a gaya wa yayyena maza su auna ƙugunsu da sukarinsu.